Don Allah a daina bin wanda ya faɗi a ramin masai ko rijiya ba shiri

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya biya ku. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai kuma naga idan ba irin jaridarku ta ɗauke ta ba to haka za a ci gaba da binne matasa ana cewa tsautsayi.

Kusan duk shekara sai mun ji labari iri ɗaya a rediyo ko a Facebook. Waya ta faɗa masai, ko guga ya tsinke a tsohuwar rijiya, ko an ɗauko masu yasar sokawe, mutum ɗaya ya shiga aka ji shiru, ƙaninsa ya bi shi aka ji shiru, maƙwabci ya ce ai ba za a tsaya kallo ba shima ya bi, kafin 'yan kwana-kwana su iso an rasa mutum uku ko huɗu, wani lokacin ma 'yan gida ɗaya. Daga nan sai unguwa ta ɗauka, wai rijiyar tana da mutanen ɓoye, wai dama an san tana cin mutane. Ni musulmi ne, na yarda da ƙaddara kuma na yarda akwai aljanu, amma ni malamin bayoloji ne a sakandare kuma wallahi abin da ke kashe bayin Allahn nan sananne ne, yana cikin littafin 'yan aji huɗu da biyar, a babin yadda ƙwayoyin halittar jiki ke fitar da ƙarfi daga abinci. Yara suna haddace babin nan saboda WAEC da NECO, su ci jarabawa, sannan a wayi gari ɗaya daga cikinsu ya tsunduma ramin da babin yake magana a kansa.

Bari in bi abin a hankali, don sai an gane me jiki yake yi da numfashi sannan za a gane dalilin da ya sa ƙato majiyi ƙarfi ke faɗuwa cikin daƙiƙu.

Tuwo ko shinkafa ko kunun da muka sha, ciki yana narkar da sitacinsa ya koma wani sikari da ake kira gulukos, jini ya kwashe shi ya rarraba ma kowace ƙwayar halitta, ta nama ce ko ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa. To amma ƙwayar ba ta iya aiki da gulukos haka kai tsaye, sai ta farfasa shi ta tara ƙarfin da ke cikinsa a wani ƙaramin sinadari mai suna ATP, shi ne ainihin abin da jiki ke kashewa, ko ƙiftawar ido za ka yi ko bugun zuciya ko tunani sai da shi. Kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne jiki ba ya ajiye shi da yawa, wanda ke cikin naman ƙafarka in ka zura da gudu na 'yan daƙiƙu ne kawai, don haka dare da rana ana ƙera shi ana kashewa ana sake ƙerawa, har masana sun lissafa cewa wanda jikin baligi ke juyawa a kwana ɗaya ya kai kusan nauyin jikinsa gaba ɗaya. Ka ga kenan aikin nan ba ya jurar tsayawa ko ta minti biyar.

Farfasa gulukos ɗin mataki-mataki ne. Na farko ana yin sa ne a cikin ruwan ƙwayar, a raba gulukos mai ƙwayar kabon 6 gida biyu, kowanne mai kabon 3, ribar da ake samu a nan ATP 2 ce tal, kuma wannan matakin ba ruwansa da oksijin, wato iskar da jiki ke ɗauka daga numfashi, akwai ko babu zai gudana. Idan akwai oksijin sai gutsattsarin nan su wuce cikin wasu 'yan mitsi-mitsin sassa na ƙwayar da ake kira mitokondiriya, a can ake ƙarasa tatse su. Akwai wani zagaye na sinadarai da Hans Krebs ya gano a 1937 a Jami'ar Sheffield ta Ingila, bayan ya gudo daga Jamus a 1933, a zagayen nan ne ake ciccire kabon ɗin ya fita a matsayin kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa ta hanci, ana kuma zare lantarkin da ke jikin abincin, su ilektiron, a miƙa su ga wani layi na sinadarai da ke jere a bangon ciki na mitokondiriya.

A kan layin nan nake so mai karatu ya tsaya, don duk maganata a kansa take. Ka taɓa ganin leburori sun jeru suna miƙon bulo daga ƙasa zuwa saman bene, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba? Haka ilektiron ke tafiya hannu zuwa hannu, kuma a hanya ana amfani da ƙarfinsu a tura wasu ƙwayoyin haidirojin zuwa ɗaya gefen bangon, in sun taru suka matso za su dawo sai su bi ta wata 'yar na'ura mai juyawa, juyawarta ce ke haɗa ATP. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, da farko manyan masana da yawa ba su yarda da shi ba, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. To wanda ke tsaye a ƙarshen layi yana karɓar bulo na ƙarshe shi ne oksijin, ya karɓa ya haɗu da haidirojin su zama ruwa. Aikinsa kenan, shi ne dalilin duk numfashin da muke ja tun ranar da aka haife mu. In na ƙarshe ya daina karɓa, na bayansa hannunsa a cike ba inda zai sauke, na bayansa ma haka, kafin ka ce kwabo layin gaba ɗaya ya tsaya cak. Ta wannan hanyar gulukos ɗaya yana ba da ATP wajen 30 zuwa 32, tsofaffin littattafai suna rubuta 36 ko 38 amma lissafin baya-bayan nan ya rage shi. Kwatanta da 2 ɗin nan na matakin farko.

To idan babu oksijin fa? Nan ne hanya ta biyu ke shigowa, wadda littafi ke kira famanteshan. Ƙwayar sai ta haƙura da ATP 2 ɗin nan, gutsattsarin da suka rage kuma ta mayar da su wani abu daban don dai matakin farko ya samu ya ci gaba da juyawa. Iyayenmu mata sun fi kowa aiki da wannan. Madarar da aka zuba wa ɗan tsohon nono aka rufe ta kwana ta zama kindirmo, bakteriya ne suka cinye sikarin madarar suka mayar da shi laktik asid, shi ne tsamin kuma shi ya sa ta kama jikinta. Tsamin gasara da koko ma daga nan ne. Ƙullin waina da fanke da burodi kuma yis ne ke cin sikari yana fitar da kabon dayoksaid, shi ya sa kwaɓin ke tashi yana 'yan idanu. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna tun 1857 cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa madara tsami, sannan a 1897 Eduard Buchner a Jamus ya niƙe yis ya tace ruwansa ya ga ruwan ma kaɗai yana yin aikin da yis ke yi wa sikari, daga nan aka gane sinadaran cikin ƙwayar ne ke yi.

Mu ma jikinmu yana yi. Ɗan ƙwallo in ya zura da matsanancin gudu, ko ɗan dambe a tsakiyar turmi, naman jikinsa yana buƙatar ATP da sauri fiye da yadda mitokondiriya za su iya bayarwa, sai ya ƙara da hanya ta biyu, laktik ya taru, bayan an huta hanta ta karɓe shi ta mayar da shi gulukos. Af, ciwon jikin da ake ji bayan kwana ɗaya ko biyu da motsa jiki ba laktik ba ne kamar yadda ake yawan faɗa a filin tirenin, shi cikin awa guda ko makamancin haka ya watse. Jajayen ƙwayoyin jini ma ba su da mitokondiriya sam, da hanya ta biyun suke rayuwa duk tsawon kwanansu, su da ke dakon oksijin ba sa taɓa shi, ikon Allah kenan.

Amma ƙwaƙwalwa ba ta da wannan sauƙin. Nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na jiki amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke shaƙa yana zaune, ATP 2 ba za su riƙe ta ba ko kaɗan. In oksijin ya yanke mata, cikin 'yan daƙiƙu mutum ya suma, bayan minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara mutuwa, mutuwar da ba gyara.

Yanzu mu leƙa cikin ramin. Masai ko sokawe cike yake da abinci a wajen bakteriya. Masu aiki da oksijin su ke fara ci, su shanye ɗan oksijin ɗin da ke ciki su saki kabon dayoksaid, ramin kuma a rufe yake da silab ba iskar da ke shiga ta maye gurbi. Da ya ƙare sai masu famanteshan su karɓi aiki, bayansu wasu ƙananan halittun su ci abin da suka bari su fitar da iskar metan, irin wadda ake girki da ita a bayogas, wasu kuma su fitar da haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsohuwar rijiyar da aka daɗe ba a ja ba, ganye da shara ko mushen wani abu sun ruɓe a ƙasanta, ita ma haka. Iskar da muke shaƙa a sarari kashi 21 cikin 100 oksijin ce, a Amurka dokar aiki ta ɗauki duk wurin da ya gaza 19.5 a matsayin mai hatsari, in ya sauka ƙasa da 10 suma ce, ƙasa da 6 kuwa mutuwa ce cikin mintuna. Kuma kabon dayoksaid ya fi iskar sarari nauyi wajen sau ɗaya da rabi, haidirojin salfaid ma ya ɗan fi ta nauyi, don haka a ƙasa suke kwanciya, kai da ke tsaye a bakin rami kana leƙe lafiya lau kake numfashi, taku goma ƙasa da kai kuwa wata duniya ce daban. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga irin wannan da girma a daren 21 ga Agusta 1986, lokacin da tafkin Nyos ya saki kabon dayoksaid ɗin da ya taru a ƙarƙashinsa, wannan kam daga dutse mai aman wuta ya fito ba daga ruɓa ba, amma iskar ɗaya ce, ta gangara kwaruruka ta bi ƙasa-ƙasa ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, akasari suna barci.

Abu biyu ne suka fi tayar min da hankali, kuma su ne mutane ba su sani ba. Na ɗaya, jikin ɗan Adam ba shi da kyakkyawan abin da ke gaya masa oksijin ya yi ƙaranci. Wannan cushewar ƙirjin da kake ji in ka riƙe numfashi, taruwar kabon dayoksaid ce a jini ke jawo ta. Idan metan ce ta kori oksijin a ramin, za ka ja numfashi ka fitar kamar kullum, ba tari ba shaƙewa, sai dai kawai ƙafa ta saki. Shi ya sa na sama ke cewa ai ko ihu bai yi ba, kamar an ɗauke shi. Na biyu, haidirojin salfaid in kaɗan ne hanci na jin warinsa, in ya yi yawa sai ya kashe jijiyar jin wari, mutum ya ce ai warin ma ya tafi, alhali lokacin ne ya fi muni. Shi wannan ba korar oksijin kawai yake yi ba, shiga yake har cikin mitokondiriya ya toshe sinadarin ƙarshe na layin nan, wanda ke miƙa wa oksijin, sai ya zama ko da jini cike yake da oksijin ƙwayoyin ba sa iya amfani da shi. In ya kai wani mizani shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da mutum. Kuma yawancinsa a maƙale yake cikin dagwalon, sai an sa shebur ko bokiti an motsa sannan ya taso gaba ɗaya, don haka ramin da aka shiga da safe lafiya zai iya kisa da hantsi.

Wannan sinadarin na ƙarshen layin dai shi ne gubar sayanaid ke toshewa, wadda ke cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa masu garin kwaki ke gurzawa su ƙunsa a buhu kwanaki ya yi tsami a matse sannan a soya, gajarta wannan aikin ganganci ne. Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi kuma ta wata ƙofar yake biyowa, kabon monoksaid ɗin da ke cikinsa yana kama jini fiye da oksijin sama da sau 200, sai jinin ya kasa dako. Ina ambatonsa ne saboda masu yasar rijiya da ke zura injin jan ruwa mai fetur cikin ramin ko su ajiye shi dab da baki hayaƙin na sauka ciki, sannan mutum ya bi bayansa. Wallahi wannan kisan kai ne ba da niyya ba.

Manomanmu ma sun riga sun ga hujja da idonsu. Buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, wanda aka samo daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka, ba a zuba masa ko ɗigon magani, ɗaurewa kawai ake yi tamau, ƙwarin da ke ciki su shanye oksijin da numfashinsu su daina ci su mutu. Duk wanda ya yarda buhun nan na aiki bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi abin da rufaffen rami ke yi wa mutum ba.

Ba ina zargin wanda ya bi ɗan'uwansa ba ne, Malam Edita. Wa zai ga ɗansa ko ƙaninsa kwance a ƙasan rami ya iya tsayawa? Zuciyar kirki ce ke tura su, kuma ba mu kaɗai ba ne, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta taɓa bin diddigin mace-macen irin waɗannan wurare ta samu sama da kashi ɗaya cikin uku na mamatan masu zuwa ceto ne. Amma Allah da kansa ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, yana nan a Baƙara aya ta 195, kuma wanda ya shiga haka ba shiri, ba zai fito da kowa ba, aikin masu ceto kawai yake ninkawa. Ɗaura hankici ko jiƙaƙƙen tsumma a hanci ba ya komai, takunkumin korona ma haka, tsumma ba ya ƙera oksijin kuma ba ya tare gas. Cewa zan riƙe numfashina ma yaudarar kai ce, kana saukowa a tsani zuciya na bugawa, ka sunkuya ka ɗaga ƙaton mutum sumamme, dole ka ja numfashi.

Abin da ya kamata in abin ya faru, a tare duk mai niyyar shiga ko da ƙarfi ne, a kira 'yan kwana-kwana nan take ko a buga 112, su ke da tukunyar iska ta goyo. Kafin su zo a buɗe duk wani murfi, a samu fanka mai ƙarfi ko injin hura iska a tura iska mai kyau har ƙasa ta bututu ko faffaɗan tiyo, janaretan da ke ba ta wuta a kai shi can nesa inda hayaƙinsa ba zai dawo ba, a gwada jawo shi daga sama da igiya ko doguwar gora mai ƙugiya. Kada a kunna ashana ko leta a bakin masai don a haska, metan na kamawa da wuta har ta fashe, tocila ma a kunna ta daga nesa. Na san tsofaffin maginan rijiya suna zura fitila su ga ko za ta mutu, dabara ce mai ma'ana a rijiyar ruwa don wuta na mutuwa in oksijin ya ragu, amma ba ta nuna haidirojin salfaid ko kabon monoksaid, a masai kuwa hatsari ce tsantsa. In an fito da mutum a kwantar da shi a sarari, in ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa, kuma don girman Allah a daina ɗura wa sumamme manja ko madara, huhunsa suke tafiya. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake a kai shi asibiti, gas ɗin nan na iya sa huhu ya tara ruwa bayan awanni.

Masu sana'ar kuwa, 'yan gidan kowa da akwai da masu haƙa da yasar rijiya, su ne suka fi ba ni tausayi, aiki suke mana wanda ba mai son yi, da gajeren wando da bokiti, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Mafi ƙarancin abin da za a yi musu shi ne a buɗe rami tun da wuri a hura masa iska kafin a shiga kuma a ci gaba da hurawa har a gama, duk mai shiga a ɗaura masa igiya mai ƙwari ta kafaɗu da ƙugu, mutum biyu ƙarfafa na riƙe a sama ba sa matsawa ko'ina, inda motar zuƙa za ta iya shiga lungun kuma a kira ta kawai. Akwai 'yar na'ura kamar wayar hannu da ake zurawa da igiya ta auna oksijin da metan da haidirojin salfaid da kabon monoksaid ta yi ƙara in akwai matsala, ba abin da zai gagari ƙaramar hukuma ba ne ta saya ko guda biyu ta ajiye a sashen duba-gari, ƙungiyar masu sana'ar su riƙa ara. Mai gida ma da ya ɗauko su yana da alhaki, kada ya ce ai aikinsu ne sun saba, sabo ba ya ƙara wa ƙwaƙwalwa minti ɗaya.

Roƙona gare ku shi ne, duk sanda za ku buga labarin an mutu a rijiya ko masai, kada ku tsaya a kan sunan unguwa da adadin mamata da cewa an miƙa gawa ga iyalai, ku ƙara layi uku a ƙasa da ke faɗin abin da ya kashe su da abin da na sama ya kamata ya yi. Ku tura wakilinku ya zauna da 'yan kwana-kwana da shugabannin masu yasa a yi hira da Hausa yadda kowa zai gane, gidajen rediyo su ɗauka, limamai su taɓo shi a huɗuba, masu unguwanni su sa a rufe ko a cike tsofaffin rijiyoyin da aka daina ja. Ni kuma a shirye nake in rubuto muku bayanin a taƙaice da zane, kyauta, in za ku ba shi rabin shafi kafin lokacin yasar rijiyoyi na rani ya kama.

Na gode, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya ba iyalansu haƙuri.

Naka,
Malamin bayoloji a wata sakandare, Kano